Filin Tambaya da Amsa: Masu Jefa Guga a Tsakiyar Teku

Tun da na ambata a fitowar da ta gabata cewa na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya, kuma duba yanayi na cikin ayyukana, wasiƙu suka yi ta shigowa a kan wannan batu. Na zaɓi biyar. Waɗanda ban kai ga tasu ba su yi mini afuwa, domin tambayoyi da dama sun yi kama da juna, sai na haɗe su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji a rediyo wai har gobe ma'aikatan jiragen ruwa suna auna zafin teku da ƙarfin iska suna aika wa masu bincike. To ina amfanin taurarin ɗan'adam da aka cika sama da su? Daga wani ɗalibin sakandare.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka ji haka yake, kuma ni da hannuna na yi shi. Bari in fara gaya maka yadda aikin yake, sannan mu zo kan tauraron.

Akwai wani shiri a ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya wanda jiragen ruwa ke shiga don ra'ayin kansu. Jirgin da ya shiga, hukumar hasashen yanayi ta wata ƙasa takan ba shi aron kayan awo, shi kuma ya ɗauki alkawarin aiko da rahoto sau huɗu a rana: ƙarfe 12 na dare, 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma, duk a agogon GMT. Wato a daidai lokacin da wani ke duba ma'auninsa da hantsi a Tekun Indiya, wani na duba nasa cikin duhun asuba a Atlantika. Da haka ake sanin halin da duniya ke ciki a lokaci guda.

Idan lokacin ya faɗo a kan dutina, wato lokacin aikina, nakan fara da barometa, wato ma'aunin nauyin iska, wadda ke ɗakin tuƙi. A daidai fuskar teku nauyin iska yakan tsaya wajen milibar 1013, amma ɗakin tuƙi yana can sama, kuma duk hawan mita takwas yana rage kusan milibar ɗaya. Saboda haka sai an yi gyara. Gyaran ma ba ɗaya ba ne kullum, domin jirgin da ya sha kaya yakan zauna cikin ruwa sosai, wanda ya sauke kaya kuwa ya taso, tsayin ɗakin ya canza. Daga nan in fita waje, ta ɓangaren da iska ke bugowa, inda aka rataye wani farin akwati mai ƙananan kafofi. A cikinsa akwai ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya busasshe, ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke faɗin yawan laimar da ke cikin iska. Sai in ɗaga kai in raba sama gida takwas a zuciyata, in ƙiyasta gida nawa gajimare ya rufe, da irinsa, da tsayinsa.

Iska ita ce mai ruɗi. Jirgi yana gudu, don haka wadda ke bugun fuskarka ta gauraya da gudun jirgin. Shi ya sa aka koya mana karanta ta a fuskar ruwa, da ma'aunin da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya fara tsarawa a 1805, daga 0 zuwa 12. In ruwa ya kwanta kamar madubi, sifili ke nan. In ka ga ƙananan raƙuman ruwa suna fitar da farin kumfa da ɗan yawa, ka kai 4. In iska ta fara jan kumfan nan tana shimfiɗa shi layi-layi, ka kai 7, kuma kowa a jirgin ya san da zancen. Na ƙarshe shi ne guga. Wani ɗan siririn gugan roba ne mai kauri, da doguwar igiya. Kana zura shi ta gefen jirgi, gaba da inda inji ke zubar da ruwan zafinsa, ka ɗebo ka zubar, ka sake ɗebowa, ka tsoma ma'auni a inuwa, ka jira ya tsaya, ka karanta. Duk wannan a mayar da shi jerin lambobi biyar-biyar a aika, kuma cikin ɗan lokaci ya isa cibiyoyin hasashen yanayi na duniya.

Yanzu tauraron. Ya fi mu gani nesa ba kusa ba, wannan babu musu. A rana guda yana leƙa wuraren da jirgi bai taɓa bi ba. Sai dai fatar ruwa kawai yake gani, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, kuma irin wanda ke auna zafi da hasken da jiki ke fitarwa ba ya gani ta cikin gajimare. Nauyin iska a fuskar teku kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan hasashen guguwa, ba ya iya auna shi kai tsaye. Sannan shi ma yana kuskure. Da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, ƙurarsa ta bazu a sararin sama, taurari suka riƙa nuna teku ya fi yadda yake sanyi. Da awon da aka yi a cikin ruwan aka gane, aka gyara. Ƙari a kan haka, taurarin da ke auna zafin teku yau shekarunsu arba'in da 'yan kai ne a bakin aiki. Wanda ke son sanin yadda teku yake a 1880 ba shi da inda zai je sai littafin jirgi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ana biyan su ne? In ba a biyan su, me zai sa mutumin da ya gaji da aikinsa ya ƙara wa kansa wani? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Barka kadai, Malama. Ko sisi ba a ba mu. Abin da hukumar ke ɗauka shi ne kayan awo da kuɗin aika saƙon, sai kuma jami'inta da ke zuwa jirgi idan mun shiga tasha, ya gwada barometarmu da tasa, ya canza abin da ya lalace, ya duba littafinmu.

Asalin abin ciniki ne na ba-ni-in-ba-ka. Wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Maury, ya ji mummunan rauni a ƙafa a haɗarin keken doki a 1839, aikin teku ya gagare shi. A 1842 aka damƙa masa ma'ajiyar taswirori da kayan awo, inda ya tarar da tsofaffin littattafan jirage jibge ba mai waiwayar su. Ya zauna ya tsamo abin da kyaftin-kyaftin suka rubuta a kan iska da gudun ruwa, wata bayan wata, wuri bayan wuri, har ya fitar da taswirarsa ta farko a 1847. Jiragen wancan zamani da iska suke tafiya, saboda haka wanda ya san inda iska ke kaɗawa a kowane wata ya san gajeriyar hanya. Tafiya daga New York zuwa San Francisco ta ragu da makonni. Maury ya ce zai ba kowane kyaftin taswirar kyauta, da sharaɗin ya cike masa takardar awo a hanya ya dawo da ita. A 1853 ƙasashe goma suka taru a birnin Burasels na Beljiyam suka amince da tsarin rubutu iri ɗaya, don rahoton jirgin Holan ya karantu a wurin Bafaranshe. Ba na iya ambaton mutumin nan ban faɗi ɗaya ɓangaren nasa ba: ya goyi bayan bautar da bayi, ya bi 'yan tawayen Kudu a yaƙin basasar Amurka, kuma a 2020 aka sauke mutum-mutuminsa a birnin Richmond. Aikinsa ya amfani duniya, aƙidarsa kuwa abar ƙyama ce.

A Birtaniya, wani hafsan sojan ruwa, Robert FitzRoy, shi ne aka ba sabon ofishin yanayi a 1854. A watan Oktoban 1859 guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar Wales, mutum wajen 450 suka halaka. Wannan ne ya tunzura shi ya fara gargaɗin guguwa a 1861. Kin ga ke nan tun farko ma'aikacin jirgi ya san rahoton da ya aika yau shi ne zai dawo masa gobe a matsayin gargaɗi, ko ya je wa wani jirgi da ke bayansa da kwana biyu. Ke da kike jinya kin san wannan: zafin jikin da kika rubuta a katin majinyaci da tsakar dare, wadda za ta karɓe ki da safe ce za ta yi aiki da shi.

Abin da ke damuna shi ne masu yin sun ragu. A tsakiyar shekarun 1980 jiragen da ke cikin shirin sun kai wajen 7,700, daga nan aka yi ta gangarowa. Jirage sun ƙara girma, ma'aikata sun ragu, takardun da jami'in tuƙi zai cike sun yi yawa. Wasu kamfanoni kuma ba sa son a san inda jirginsu yake, saboda 'yan fashin teku ko saboda abokan gasa. An sa na'urori masu aunawa da kansu a jirage da dama, kuma suna aiko da rahoto kowace awa, abin a yaba. Amma na'ura ba ta faɗin irin gajimare, ba ta bambanta raƙuman ruwan da iskar wurin ta tayar da waɗanda suka taso daga wata guguwa mai nisa. Wannan sai ido.

TAMBAYA: Malam, a gafarce ni, ni ina da shakka. Ana cewa duniya ta ƙara zafi da digiri ɗaya da ɗoriya tun ƙarni na 19. Yaya za a gina magana mai nauyi haka a kan guga da igiya, a hannun mutanen da ba masana ba, wasunsu ma suna gyangyaɗi? Daga wani malamin lissafi.

AMSA: Malam, ba ka yi laifi ba, kuma tambayarka ce ta fi tsaya mini a rai. Masanan da kansu sun shafe shekaru suna yi wa kansu ita.

Kai malamin lissafi ne, ka san kuskure iri biyu ne. Akwai na barkatai: wannan ya karanta sama da kaɗan, wancan ƙasa da kaɗan. In awon ya yi yawa, irin wannan yakan cinye kansa. Kuma awon yana da yawa: babban kundin da aka tara rahotannin teku a cikinsa, wanda ake kira ICOADS, yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin rahotanni, mafi tsufansu na shekarar 1662. Sai kuskure na biyu, mai karkata gefe guda, wanda yawa ba ya maganinsa. A nan gizo ke saƙar.

Gugan farko na katako ne. Daga baya aka koma na tamfol, mai saurin zufa. Kafin a jawo shi sama a karanta, iska ta busa shi, ruwan ya ɗan huce, kamar yadda jiƙaƙƙiyar riga ke sanyaya jiki. Saboda haka awon wancan zamani ya fi gaskiya sanyi. Da jiragen inji suka yawaita, aka fara karanta zafin ruwan da inji ke zuƙowa don sanyaya kansa. Wannan kuma yakan fi gaskiya ɗumi, domin ma'aunin yana cikin ɗakin inji mai zafi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kunna fitila a saman jirgi da dare don karanta guga kiran ajali ne, sai awon inji ya yi rinjaye, galibi daga jiragen Amurka. Da yaƙi ya ƙare a 1945 jiragen Birtaniya suka dawo da gugansu, sai ga alƙaluman duniya sun nuna zafi ya faɗi da kimanin digiri 0.3 farat ɗaya. An daɗe ana kallon wannan faɗuwa, sai a 2008 wasu masu bincike suka nuna cewa canjin hanyar awo ce ta haifar da ita. Haka a 2019 aka gano cewa lokacin da aka kwafe tsofaffin rahotannin jiragen Japan bayan yaƙi, an riƙa yanke lambobin bayan ɗigo, 15.8 ta koma 15, abin da ya sa arewacin Fasifik ya zama kamar ya fi sanyi a shekarun 1930.

Za ka iya cewa wannan ya ƙara maka shakka. Ni kuwa shi ne ya ba ni natsuwa, saboda dalili biyu. Na farko, an gano kurakuran ne domin an san jirgin wace ƙasa ya yi awon da kuma yadda ya yi shi. Na biyu, ka dubi inda gyaran ya karkata. Tunda tsohon guga yana nuna sanyi fiye da kima, gyaransa ɗaga alƙaluman da ne, wanda ke rage tazarar da ke tsakanin da da yanzu. Wato gyaran da aka yi wa awon teku ya rage yawan ɗumamar da ɗanyun alƙaluma ke nunawa. Mai son zuzuta magana ba zai yi gyaran da ke rage ta ba. Sannan akwai shaidu masu zaman kansu: zafin iskar dare da jirage suka auna, ƙwallayen awo da ke yawo a kan ruwa, taurari, duk hanya ɗaya suka nuna.

Maganar gyangyaɗi kuwa, bari in ba ka labarin abin da ya faru da ni. Wani dare muna tsallaka Atlantika ta arewa, iska ta kai 8, jirgi na tangaɗi, feshin ruwa na wanke dandamali. Fita da guga ba hankali ba ne. Na buga wa ɗakin inji waya, suka karanto mini zafin ruwan da ke shigowa, na rubuta. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne akwai wata lamba guda a rahoton da ke faɗin hanyar da aka bi wajen awon, ni kuma na bar ta a kan guga, domin hannuna ya saba. Haka na yi dare uku a jere. Da muka shiga tasha, jami'in yanayi ya hau jirgi, dattijo ne mai sanyin magana. Ya bi shafukan da yatsa, ya tsaya daidai kan layukan nan uku, ya ce a dutina ruwa yana ƙara ɗumi, a dutin na bayana ya koma yadda yake. Ya tambaye ni ko da guga na auna. Na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki fensir ya gyara lambar, ya nuna mini cewa duk abin da ban auna ba akwai alamarsa, 'yar karkatacciyar sanda da ake jerawa a gurbin lambar. Ya ce gurbin da aka bari fanko ba ya cutar da kowa, amma lambar da ba a san asalinta ba za ta zauna a kundi bayan ni da shi mun mutu, wani ya ɗauke ta da amana. Tun daga ranar ban sake rubuta abin da idona bai gani ba, kuma duk ƙaramin jami'in da ya yi aiki a ƙarƙashina, alamar nan na fara koya masa kafin guga.

Raunin da na yarda da shi, Malam, na wuri ne. Jiragen kasuwa hanyar kasuwa suke bi. Arewacin Atlantika da arewacin Fasifik cike suke da awo, kudancin duniya kuwa fayau. Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ɗauke jirage daga zagayen kudancin Afirka, rufe shi daga 1967 zuwa 1975 ya mayar da su. Kuma kowane kyaftin mai hankali kauce wa guguwa yake yi, don haka munanan ranaku sun fi ƙaranci a littafi fiye da yadda suke a teku.

TAMBAYA: Yallaɓai, na ga hoton wani ɗan tseren jirgin ruwa yana jefa wani dogon abu mai ruwan ɗorawa cikin teku, aka ce na bincike ne. Mene ne shi? Daga wani mai sha'awar wasanni.

AMSA: Ɗan'uwa, da alama na'urar Argo ka gani, kuma tambayarka ta zo daidai inda na tsaya. Wuraren da jirgin kasuwa ba ya zuwa, 'yan tsere suna ratsa su.

Akwai gasar Vendée Globe da aka fara a 1989, ana yin ta duk shekara huɗu. Mutum ɗaya tal a jirgi mai tsawon mita 18 da ke tafiya da iska, ya tashi daga Les Sables-d'Olonne a Faransa, ya gangara Atlantika, ya zagaye Antaktika, ya dawo, ba tsayawa, ba taimako. Hanyarsu tana bi ta kusa da wurin da ya fi ko'ina nisa da ƙasa, inda tudu mafi kusa yake da tazarar kilomita 2,688. A gasar da aka fara a Nuwamban 2024 mutum 40 suka tashi, kuma fiye da rabinsu sun ɗauki kayan awo na masu bincike. Wani ɗan tsere Bajamushe, Boris Herrmann, ya daɗe yana tafiya da wata na'ura da ke zuƙar ruwa tana auna zafinsa, gishirinsa da iskar kabon da ke cikinsa. Wannan yana da muhimmanci, domin teku yana shanye kusan rubu'in iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa, kuma babban kaso na wannan a Tekun Kudu, wanda ya kewaye Antaktika, yake faruwa, inda awo ya fi ƙaranci. Ka tuna mutanen nan gasa suke yi, kowane kilo yana rage musu gudu, barcinsu na mintoci ne. Na'urar da ta kai kilo 20 ba ƙaramar sadaukarwa ba ce a wurinsu.

Ita Argo, da zarar an jefa ta sai ta nutse zuwa zurfin mita 1,000, ta yi ta bin ruwa kwana tara, ta ƙara gangarawa zuwa mita 2,000, sannan ta taso a hankali tana auna zafi da gishiri. In ta fito sai ta aika wa tauraron ɗan'adam, ta sake nutsewa. Duk kwana goma haka, har batirinta ya ƙare bayan shekara huɗu zuwa biyar ko fiye. Akwai kusan 4,000 a tekunan duniya, kuma bayanansu kyauta ne ga kowa. Da su aka fi tabbatar da cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da duniya ke tarawa cikin teku yake shiga. Amma na'urar ba ta kai kanta inda ake bukatarta, dole wani ya ɗauke ta ya kai.

Masu ƙananan jirage ma suna da nasu. Wani farin faifai ne mai faɗin santimita 30, irin wanda wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya gwada a Bahar Rum a 1865. Ana zura shi da tef ɗin awo har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. A tsakiyar teku wannan zurfin yana nuna yawan ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, waɗanda duk abin da ke rayuwa a teku ya dogara da su. Tun 2013 wani masani ɗan Birtaniya, Richard Kirby, yake tattara wannan awo daga matafiya.

TAMBAYA: Malam, ni tsohuwa ce, na yi ritaya daga koyarwa, kuma ban taɓa ganin teku da idona ba. Me ya haɗa ni da zafinsa? Kuma irina na da abin da za ta iya yi? Daga wata tsohuwar malamar makaranta.

AMSA: Ranki ya daɗe, Hajiya. Teku ya rufe kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, kuma mafi yawan ruwan da ke sauka daga sama a duniya daga can ya taso. In wani yanki na teku ya ƙara ɗumi, hanyar da iska ke bi da laima takan karkata. Masuntan Peru ne suka raɗa wa ɗumin ruwan da ke zuwa musu wajen ƙarshen shekara suna El Niño. A 1997 zuwa 1998 ya zo da ƙarfi: ambaliya a Peru da gabashin Afirka, fari da gobarar daji a Indonesiya. A 1986 kuma wasu masana uku na ofishin yanayi na Birtaniya suka nuna cewa farin da ya addabi yankin Sahel yana da alaƙa da bambancin zafi tsakanin tekunan arewa da na kudu, kuma awon jiragen ruwa na shekaru tamanin da wani abu suka yi aiki da shi. Hasashen damina da ake yi yau a ƙasashe da yawa daga zafin teku yake farawa.

Abin yi kuwa akwai, kuma ya dace da mai haƙurin duba rubutun yara shekara da shekaru. Ɗakunan ajiya cike suke da littattafan jirage da ba a kwafe ba, rubutun hannu ne mai wuyar da kwamfuta ke tuntuɓe a kansa. A 2010 aka buɗe wani aiki mai suna Old Weather, inda aka ɗora hotunan littattafan jiragen yaƙin Birtaniya na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya a intanet, mutane daga gidajensu suka riƙa kwafe lambobin. Daga baya aka ƙara da na jiragen Amurka da suka yi yawo a yankin ƙanƙara na arewa. A 2020, lokacin kullen korona, 'yan sa-kai wajen 16,000 suka kwafe awon ruwan sama na Birtaniya sama da miliyan biyar cikin kwana 16. Irin waɗannan ayyuka sukan buɗe, in an gama a rufe, wani ya buɗe, don haka sai ki sa jikanki ya riƙa duba miki. Ana bukatar ɗan Turancin da za a gane kan layi, da ido mai kula.

Shafin yakan zo da layuka, kowace awa ko kowane duti da nasa: inda jirgi ya dosa, iska, barometa, zafin iska, zafin ruwa. A gefe kuma abin da ya faru ranar. Za ki ga an loda kwal, an hango wani jirgi, mutum kaza na kwance ba lafiya, wani lokaci har jana'izar da aka yi a teku, sannan a layi na gaba hannun nan dai ya rubuta barometar ƙarfe huɗu. Kowane shafi mutum fiye da ɗaya ke kwafe shi, a gwada a ga ko sun dace. In kika ci karo da lambar da tawada ta cinye, ko ba ki tabbatar 3 ce ko 8 ba, kada ki cike da zato. Ki sa alamar cewa ba ta karantuwa, ki wuce layi na gaba.